Kwana Biyun da Rabo Ya Huta

Duk wanda ya ci kasuwar Gangara a shekarun da aka sami mulkin kai ya san Rabo Jagora, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, yana tafe hannun dama a baya kamar mai jan akuya, alhali babu komai a hannun. In ya zo rami sai ka ji ya ce "rami" a hankali, shi kaɗai. Yanzu ya ɗebo wa mai tuwo ruwa, an jima ya ɗora wa wani buhun gyaɗa a jaki. Zama ne dai ba a taɓa ganin ya yi ba. 'Yan zaman banza, waɗanda ko Tasawa ba su taɓa wucewa ba, su suka laƙa masa Alhajin Tsibiri, suna dariya. Abin haushi, ba su san kan zancen ba.

Asalin maganar daga kawunsa Chindo ne, wanda ya makance tun yana magidanci. Wata kaka tsohon ya ce shi Makka za shi, a ƙasa, ko da zai mutu a hanya. 'Ya'yan cikinsa kowa ya kawo uzuri, wannan gona, wancan ciwon ƙafar da bai taɓa yi ba sai ranar. Rabo ne ya miƙe, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya yi masa alkawarin ko allura. Ya kama bakin sandar ya ce, "Kawu, mu tahi. Ba ni sakinta sai gaban Ka'aba."

Faɗar ba wuya. Suka bi ta Barno, suka ratsa Wadai, suka shiga Sudan, duk inda guzuri ya ƙare su tsaya Rabo ya yi tsinkar auduga, su ƙara gaba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Jagoranci kuwa ba aikin ƙafa ba ne kaɗai. Shi ne ido, shi ne mai buta, shi ke daidaita tsohon ga alƙibla, shi ke cire ƙaya, shi kuma ke shan faɗa in tuwo ya yi sanyi, don Chindo ba mai haƙuri ba ne. Ko barci rabi yake yi, kunne ɗaya na jiran kira.

Da suka kai bakin Bahar Maliya Rabo ya zama ƙashi da fata. Nan maniyyata marasa takarda suke yin zango, suna jiran jirgin masu fasa ƙwauri da zai haye da su, jirgin da ba shi da rana. Wata ya bi wata. Rabo na dakon gishiri da hantsi, yana jan sanda da yamma, har ran da ya yi gyangyaɗi a tsaye ya kai kawun nasa ga bango.

Tsohon bai yi faɗa ba, abin da ya ba Rabo tsoro. Cewa ya yi tun tuni yake jin sandar tana rawa a hannunsa. Ya sa aka kira Mudi, wani Bakatsine da ya daɗe a can yana kamun kifi, wanda kan tafi wani tsibiri ran Alhamis ya dawo Asabar. Rabo ya ce ba ya zuwa, tsohon ya rantse sai ya je.

"Tahi ka huta, ɗan nan. Jirgin da ya yi watanni bai zo ba, ba gobe za shi zo ba."

Tsibirin bai fi gona ɗaya ba. Farin yashi ne, da 'yan bishiyoyi tsaye cikin ruwan gishiri, da rumfar masunta. Ruwan garau, har kana ganin kifi na wucewa ta ƙafarka. Rabo ya zagaya shi sau ɗaya yana cewa "dutse, ƙaya", ya waiga ya ga ba kowa a bayansa, sai ya ji kunya. Ya kwanta a inuwar rumfar. Salla kaɗai ke tayar da shi, sai gasasshen kifin da Mudi ke miƙo masa. Bai taɓa sanin jiki na iya yin sakayau haka ba. Ya ji daɗi, daɗi ƙwarai, har a ransa ya so a ƙara kwana.

Ran Asabar suka dawo, ya tarar da zangon wayam. Sai murhu da tsummoki, sai Chindo zaune a kan tabarma, sanda a cinya. Wata mai sayar da shayi ce ta gaya masa jirgi ya zo ran Juma'a, bai jima ba ya tashi. Mutane sun yi ta roƙon tsohon su riƙe masa sanda, har wani ya ce zai goya shi. Ya ƙi. Ya ce bai saba da tafiyar kowa ba, kuma ba zai bar yaron mutane a bayan ruwa ba.

Rabo ya durƙusa gabansa. Tsohon ya laluba ya dafa kansa.

"Ka samu barci?"

"Na samu, Kawu."

"To, alhamdu lillahi."

Wani jirgin bai zo ba sai da hajjin shekarar ya wuce. Kafin shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke Chindo, aka binne shi a nan bakin ruwa. An ce wa Rabo ya haye shi kaɗai, ya ce da wace fuska? Ya ɗauki sandar ya juyo gida.

Ya iso Gazawa ya tarar an kafa sabuwar tuta a gaban buro, wato ofishin gwamnati, yaran lakol 'yan boko na waƙa, ana cewa Nasara ya tafi, kowa zai huta. Shi dai ya wuce Gangara, ya miƙa wa 'ya'yan Chindo sandar ubansu. Babban ya karɓa, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ya sha hanya, ya zauna ya huta.

"Na riga na huta," in ji Rabo. Ya ɗauki guga ya nufi rijiya, hannun dama a baya.