Tuwo da Fura a Ƙwallon Amurka

Malumfashi zuwa Kano

Tun ba a kira sallar asuba ba na fito da jakata ƙofar gida. Malaminmu na makarantar manya ya ce in na dawo in rubuta abin da na gani da hannuna, in karanta wa 'yan aji. To ga shi.

Wanda ya gayyace ni Dubai Nura ne, ɗan yayata Binta. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, yanzu kuma injiniyan na'urar sanyaya ɗaki ne a can. Amma Yaya Binta tana da nata saƙon. Bara aka bugo mata waya cewa Nura ya karye a kafaɗa, wai a wani wasa da ake kira ƙwallon Amurka. Tun daga ranar barcinta ya ragu. Har tasha ta rako ni cikin duhu.

"Sani, ba yawon buɗe ido za ka ba. Ka raba shi da wasan nan. Shi kaɗai gare ni."

"Yaya, ki ɗauka an gama."

"Haka ka ce lokacin da ya fara hawan babur."

Muka bi ta Gwarzo. A shingen 'yan sanda, ana duba bayan mota, direba ya tambaye ni ko saro kaya zan je yi. Na ce a'a, yaro zan je rabawa da ƙwallo. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Baba, da ka huta da jirgi. Akwai su cike da layinmu."

Da hantsi muna filin jirgin Kano. Muka canza jirgi a Adis Ababa, kuma da kaina na karanta lambar ƙofar da zan shiga, ban tambayi kowa ba.

Bur Dubai

Nura ya tarye ni da safe. Da ƙyar na gane shi, wuyansa ya yi kauri kamar na bijimin noma. Ya saka ni a wani jirgin ƙasa da babu direba, yana ta nuna mini benaye. Na ga benaye. Abin da ban gani ba shi ne gindin bishiya guda da dattawa za su zauna su tona gurbin dara. Gari duk siminti da gilashi, kowa na sauri kamar an biyo shi.

Ɗakinsa yana hawa na uku a Bur Dubai, saman shagunan masu yadi. Ƙamshin miyar Indiyawa na shigowa ta taga, sanyin na'ura kuma ya sa na kwana da hula. Bayan la'asar ya kawo shayin karak, wato shayin madara mai kauri da kayan ƙamshi, ya kunna talabijin, ya ce in ga wasan da idona kafin in yanke hukunci.

Jama'a, ban taɓa ganin aikin banza irin wannan ba. Ƙwallon kanta ba a gama ƙera ta ba, kamar gwanda. Ƙarti ne sun sa hular kwano, sun cusa tsumma a kafaɗu, su jeru su sunkuya kamar masu tsintar gyaɗa. Sai a yi karo, a zube a ƙasa. Sai a tashi a koma gefe a haɗa kai ana ƙus-ƙus kamar masu gulmar maƙwabci. Tsayuwar ta fi gudun yawa nesa ba kusa ba.

"Wannan shi ne abin da ya hana uwarka barci?"

"Kawu, dara ce. Da mutane ake yin ta."

"Dara ba ta taɓa karya wa kowa kafaɗa ba."

Ya yi dariya, ya tsayar da hoton. Ya ce kowane ɓangare yana da dama huɗu ya ci taku goma. In ya ci a ƙara masa huɗu, in ya kasa ya ba abokan karawa ƙwallo. Ko dai a miƙa wa mai gudu ya kutsa, ko a jefa wa wani can gaba. Masu tsaro kuma dole su yi hasashen wanne za a yi tun ƙwallo ba ta motsa ba. Ya nuna mini wani ƙato a allon, ya ce in dubi yadda ya jingina nauyinsa baya, wai wannan ya riga ya tona asirin cewa jifa za a yi.

"Da na fara, karon nake so," in ji shi. "Sai da na karye na zauna a benci wata da watanni ina kallo, sannan na fara ganin wasan. Yanzu ni ne mai jefawa, ni nake kiran abin da za a yi."

Wannan fa yaron da in na cinye shi a dara yake share gurabun da ƙafa ya tafi yana kuka. Na isar masa da saƙon uwarsa. Ya ce, "Kawu, ranar Asabar muke wasan ƙarshe da masu jar riga. In sun cinye mu, na ajiye, ka tafi wa Umma da hular. In mun ci, kai za ka lallashe ta."

Na tambaya ko sun taɓa haɗuwa. Ya ce a bana duk haɗuwar da suka yi masu ja ne suka lallasa su. Na miƙa masa hannu nan take.

Al Kuz

Washegari, ranar Laraba, ya tafi da ni wurin aikinsa a Al Kuz. Unguwa ce ta rumbunan kaya da garejoji, manyan motoci na shige da fice da kwantena, leburori na zaune a inuwar katanga suna cin gurasa. Nan kam na ga mutane irin namu, masu gumi.

Da yamma suka yi atisaye a wani fili bayan rumbunan. Taron tsintsiya ne: Bature mai tumbi shi ne kocinsu, ga 'yan Filifin, ga Larabawa, ga wani ƙaton Basudane mai gudu da ƙwallo, ga wani siririn ɗan Kenya mai cafewa. Sai na ji Nura ya sunkuya yana ihu, "Tuwo, tuwo," ƙarti suka ruga. Can kuma, "Fura, fura." Na ce to, yunwa ta haukata su.

A mota ya yi mini bayani. Wai sababbin kalmomi ne ya koya musu don ranar Asabar, saboda masu ja sun haddace tsofaffin. In ya ce tuwo, Basudane zai karɓa ya kutsa ta tsakiya. In ya ce fura, jifa ce mai nisa.

"Sirri ne fa, Kawu. In masu ja suka ji, mun mutu."

Ya maimaita mini har na ce masa ni ba kurma ba ne.

Al Sabka

Ranar Juma'a bayan masallaci Nura ya ce an kira shi gyara, in tsallaka ruwa in ci tuwo a wurin wata 'yar Nijar a Al Sabka, ya kwatanta mini hanya. Na shiga abra, wato kwalekwalen katako mai inji, dirhami ɗaya. Matuƙin na cewa "yalla, yalla" yana azalzalar mu, kamar mu ne muka hana ruwan tafiya. A ɗaya gaɓar kuwa kasuwa ce sak irin Kwari: kwalaye, masu tura kaya, ana ciniki da Hausa da Larabci da Turanci a jimla guda.

Ina cin tuwon shinkafa da miyar kuka, wadda ba ta ji daddawa ba, sai wani ƙato ya yi sallama ya zauna gabana. Sunansa Awudu, ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani otal. Hausarsa irin tasu ce, mace ma "ya zo" ce. Muka gaisa, ya ji daga inda nake da wanda na zo wurinsa, sai ya ajiye cokali.

"Baba, Nura mai jefa ƙwallo? Gobe da shi za mu yi. Ni ne nake tsara masu tsaro a wurin masu ja."

Na dube shi. Na tuna Yaya Binta a tsaye a tasha. Na auna wasa guda da kafaɗar yaro guda, ban ga abin da za a daɗe ana tunani a kai ba. Ni mai haƙuri ne, amma in dama ta zo gurbina ba na barinta.

"Awudu, kana jin Hausa. In ka ji an ce tuwo gobe, me za ka yi?"

Na zayyane masa komai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Baba, Allah ya kai ka Makka." Na ce na riga na je. Ya ce to Allah ya mayar da ni.

Filin wasa

Asabar bayan azahar muka hau motar 'yan wasa zuwa wani fili a bayan gari, ciyawarsa ta roba. 'Yan kallo ba su kai na ɗaurin auren talaka ba. Na sami kujera a inuwa na zauna, raina fes.

Abin ya tafi yadda na shuka. Nura ya ce tuwo, Awudu ya yafito mutanensa tsakiya, Basudane ya yi karo da bango. Nura ya ce fura, masu ja suka ja da baya, suka kaɓe ƙwallon. Bature mai tumbi yana jifa da hularsa a ƙasa. Su Nura suka ɗan ci nasu da ƙyar ta wasu hanyoyin, amma masu ja na gaba da kaɗan, Awudu kuwa har ɗago mini hannu yake yi. Abin haushi, sai na kama kaina ina kallon ƙafafun ƙarti tun ba a fara ba, ina cewa a raina wancan zai ruga, wancan zai tsaya. Na daina, don ba abin da ya kawo ni ba ke nan.

Lokaci ya zo ƙarshe. Ƙwallo na hannun su Nura, damarsu ta huɗu, taku ɗaya suke nema, gidan ci kuma, wato ƙarshen fili inda ake shiga da ƙwallo a ci, yana can nesa. Ko makaho ya san kutsawa za a yi. Nura ya goge hannunsa da tawul ɗin da ke ƙugunsa, ya sunkuya, ya ce, "Tuwo, tuwo." Awudu ya tattaro kowa da kowa tsakiya. Nura ya juya ya cusa wa Basudane ƙwallo a ciki, ƙarti suka rufta masa, aka yi tsibi. Na miƙe ina gyara riga, ina tunanin yadda hular za ta shiga jakata.

Sai na ga Nura a tsaye can baya shi kaɗai, ƙwallo a hannunsa. Ashe hannu wofi ya cusa wa Basudane. Ya ɗaga ya jefa. Siririn ɗan Kenya yana can babu kowa kusa da shi, ko inuwa. Ya cafe, ya shiga gida yana tafiya kamar mai zuwa shago.

Awudu ne ya fara isowa wurina, hula a hannu, yana haki.

"Baba, ka kashe ni."

"Wallahi yadda aka faɗa mini na faɗa maka."

"Na sani. Shi ya sa na mutu."

Sannan Nura ya zo ya durƙusa gabana da ladabinsa, gumi na zuba.

"Kawu, yaya tuwon 'yar Nijar? Awudu ba ya fashin sa duk Juma'a."

"Tun yaushe ka shirya wannan?"

"Tun da Umma ta ce kai za ta aiko. In na goge hannu da tawul, yaranmu sun san maganar ta juye. Sau ɗaya kawai muke buƙata, amma sai Awudu ya ci ya ƙoshi tukuna. Kai ka koya mini a dara, a bar wa mutum 'ya'ya biyu ya saki jiki."

"In da ban faɗa masa ba fa?"

"Ka yi wa Umma alkawari, Kawu. Ban taɓa ganin ka saɓa mata ba."

Muka kama hanyar Bur Dubai. Shekara da shekaru ina dara, ban taɓa sanin yadda tsakuwar take ji ba in an ɗauke ta an ajiye a gurbi, sai ranar.

Komawa gida

Na ƙara kwana biyu, na sayo wa Yaya turare da yadi, na biyo hanyar da na zo. A Kano na dace da direban nan dai. Ya ce, "Baba, an raba yaron?" Na ce ya kula da titi.

Ana kiran magariba na shiga gidan Yaya Binta. Ba ta dubi turaren ba.

"Ina hular?"

"Tana kansa."

"To me ka je yi?"

"Ni na ci musu wasan."

Na zauna na cika ɗaya alkawarin, wanda na yi wa Nura na lallashinta. Na gaya mata yanzu ƙarti biyar ne a gabansa, ba su da aiki sai tsare shi. Na gaya mata yaron da yake share dara da ƙafa ya iya jira tun daga Laraba har Asabar saboda jifa guda. Ban ce mata ba zai sake karyewa ba, don ban sani ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Allah ya tsare shi. Kai kuma Allah ya shirye ka."

Har yanzu ina nan a kan bakana: wasa ne mummuna, ƙwallonsa ma mummuna. Na dai ce wa Nura ya riƙa turo mini hoton wasanninsu a waya, don in ga inda yake kuskure.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Binta, da malaminmu, da ku da kuka saurara. Awudu kuma ya yafe mini, ba shi na nufa ba. Nura na gaya masa in ya zo hutun sallah ya same ni a gindin darbejiya. Na riga na tona gurabu.