Shayi Yana Ɗaki Na Shida

Shekara ashirin da uku Mai Tire ya yi a hawa na uku na ginin majalisa. Bai taɓa kafa doka ba, bai taɓa soke ta ba, amma babu dokar da ta sauka daga wannan hawa ba ta bi ta gaban butarsa ba. Ofishinsa wani lungu ne tsakanin banɗaki da ɗakin ajiye fayil: butar lantarki biyu, famfo mai ɗiga, kofuna arba'in da huɗu, da cokula masu raguwa duk wata. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma dai cokali ba ya hawa lif shi kaɗai.

Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, saboda nan tire ke zama. Matarsa takan ce ta auri mutumin da ke shayar da ƙasa baki ɗaya, amma a gida ko ruwan wanka bai taɓa ɗora mata ba.

Sunayen 'yan majalisa kuwa ya daina wahalar haddace su tun zaɓe na biyu. Suna zuwa, suna tafiya, wasu ma kafin ya gane fuskarsu. Da kofi yake sanin mutum. Akwai Cokali Uku. Akwai Ba Madara. Akwai Uwar Lemun Tsami, wadda ruwan zafi kawai take sha da ɓarin lemo, tana yi wa sauran wa'azin ƙiba. Akwai Mai Ƙwaya, dattijo mai ciwon sukari, wanda ƙarfe sha ɗaya daidai sai ya haɗiyi maganinsa da shayi da biskit biyu, in ba haka ba hannunsa ya kama rawa.

A makaranta aji huɗu ya yi ya gudu, amma aikin kwamiti ya san shi fiye da wasu masu ɗaga hannu. Kwamitin sauraron koke mutum goma sha uku ne, kuma sai biyar sun zauna a kujera kafin ciyaman ya buga guduma. In ba su cika ba, sakatariya ta rubuta “an ɗage”, ta rufe littafi, masu koke su kwashe takardunsu su nemi ƙofar fita. Ya kuma lura da abin da babu shi a kundin ƙa'ida: ɗan majalisa yakan shigo, ya sa hannu, ya sha shayi, yana kai kurɓar ƙarshe sai wayarsa ta yi ƙara. Ko ba ta yi ba, ya ɗora ta a kunne ya fice yana “eh, eh, gani nan”. Tsawon zama, tsawon kofi ne.

Duk wannan bai taɓa damunsa ba, sai da Yaya ta shigo cikin maganar.

Yaya ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Ita ta goya shi, ita ta koya masa hura wuta, ita ta bi shi da tsumagiya ranar da ya gudu daga aji, ba ta kama shi ba. Yanzu ta haura saba'in, gwiwoyinta sun yi yaji, amma bakinta na nan daram. Wani kamfanin rini ya kafa masana'anta a saman rafin ƙauyensu, ruwan ya koma shuɗi wata rana, ja wata rana. Awaki suka fara zubewa, yara suka fara ƙuraje. Matan ƙauyen suka sa malamin makaranta ya rubuta koke, suka zaɓi Yaya ta kai, don ai ƙanenta yana majalisa.

Shi dai bai taɓa yi mata ƙarya ba. In ta tambaya, cewa yake, “Ina kwamiti.” Kuma yana kwamiti ɗin.

Zuwanta na farko, tafiyar yini guda a mota, mutum uku ta tarar. Aka ɗage. Zuwa na biyu mutum huɗu suka zauna. Mai Tire, don zumuɗi, ya yi maza ya zuba musu shayi wai ya riƙe su. Suka shanye, wayoyi suka yi ƙara, na biyar ya shigo ya tarar da kofuna. Aka ɗage. Da yake wanke kofunan ne ya gane cewa da hannunsa ya kori zaman yayarsa. Ya tsaya, kumfa a hannu, ya daɗe yana kallon famfo.

Zuwa na uku ya faɗo ranar ƙarshe kafin dogon hutu. Sakatariya ta faɗa masa a fili, tana motsa kofinta: duk koken da ba a saurara ba yau ya mutu, sai a sake rubutawa, a sake bin layi, wata tara ko shekara.

“Wanda aka saurara fa?”

“Wannan ya shiga littafi. Ba mai fitar da shi.”

Da safe a gida, Yaya na zaune a tabarma tana shafa man zafi a gwiwa, wata kwalba a naɗe cikin gefen zaninta.

“Auta, ka ji ni da kyau. Yau in suka sake ce mini an ɗage, ba zan iya dawowa ba. Ƙafafun nan sun ba ni notis.”

“Za a zauna, Yaya.”

“Haka ka ce wancan karon.”

“Wancan karon ban shirya ba.”

Matarsa ta leƙo daga kicin. “Yaya, ki bar shi. Mutumin da ba ya iya tara 'ya'yansa huɗu a kan kwano ɗaya, shi ne zai tara manyan ƙasa?”

Kwamiti uku ke zama a hawan ran nan. Ɗaki na biyu na masu man fetur ne, can kyamarorin talabijin suke, can kowa yake, har waɗanda ba 'yan kwamitin ba. Ɗaki na huɗu na masu hanyoyi. Ɗaki na shida, can ƙarshen baranda inda na'urar sanyi ke nishi kamar tsohuwar jaka, nan ne na koke. Ƙarfe goma, mutum ɗaya ne a kan teburin: ciyaman, yana gyangyaɗi a kan jarida. A kujerun baya Yaya ce da wasu masu koke, kowa da fayil a cinya.

Mai Tire ya kwashe butocin biyu, da kofuna, da gwangwanin biskit, ya loda a keken turawa ya kai su kusurwar ɗaki na shida. Ya dawo ya kulle lungunsa, ya yage murfin kwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe masu karkata, ya liƙa a ƙofa: SHAYI YANA ƊAKI NA SHIDA.

Goma da kwata wayar aljihunsa ta fara ƙara.

“Kai, ina shayinmu a nan biyu?”

“Ranka ya daɗe, tiren ya riga ya wuce shida.”

“To ya dawo mana!”

“Yana hanya, ranka ya daɗe.” Tiren bai motsa ba.

Cokali Uku ne ya fara zuwa, goma da rabi, yana waige-waige kamar wanda ya ɓata hanya. Bayansa Uwar Lemun Tsami, tana mita cewa maƙogwaronta ya bushe a gaban kyamara. Ba Madara ya leƙo don ya ga ko gaskiya ne, ya ga biskit, ya shigo. Dukansu 'yan kwamitin koke ne; da ciyaman, huɗu ke nan. Daidai inda aka tsaya wancan karon.

Mai Tire ya tsaya jikin kekensa, hannu a baya, buta na tafasa, bai zuba wa kowa ba.

“Mai Tire, zuba mana!” in ji Cokali Uku.

“Ranka ya daɗe, ganyen bai saki ba.”

“Minti goma? Wane irin ganye ne wannan, shi ma ɗage zama ya yi?”

“Sabo ne, ranka ya daɗe. Yana da taurin kai.”

“Ni ai ba ganye nake sha ba,” in ji Uwar Lemun Tsami. “Ruwa ne da lemo.”

“Ranki ya daɗe, wuƙar ce ake nema.”

Wuƙar tana aljihunsa. Sakatariya ta sunkuyar da kai kan littafinta, kafaɗunta na girgiza.

Sha ɗaya ta buga. Sha ɗaya da minti uku. Ba Madara ya zaro waya ya fara shafa ta, alamar da Mai Tire ya sani kamar tafin hannunsa. Gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin hula. Ba ya jin daɗin abin da yake jira, don ya san abin da jinkiri ke yi wa Mai Ƙwaya, wanda shi ma ɗan kwamitin ne. Da sha ɗaya da minti biyar ta wuce, ya yanke a ransa cewa in aka ƙara minti biyu zai ɗauki kofi ya kai masa har inda yake, koke ya mutu.

Sai ga Mai Ƙwaya a bakin ƙofa, magani a tafin hannu, goshi na ƙyalli.

“Wane ɗan banza ne ya kulle kicin?”

Mai Tire ya tarbe shi da biskit biyu, ya ja masa kujera, ya zaunar da shi. Sakatariya ta ƙirga da alƙalami, a bayyane, ta taɓa hannun ciyaman. Ya farka, ya lalubi guduma, ya buga.

Sannan aka zuba shayi. Kofuna masu kauri ya zaɓo, ya jiƙa su a tafasasshen ruwa tun da safe. Ya cika kowanne har baki, yadda ba mai iya ɗaga shi ya yi tafiya, bai kuma kawo farantin ƙasa ba, don kada wani ya juye ya fifita. Ya auna abin a gida sau uku: irin wannan kofi minti bakwai yake ci. Mai koke minti biyar ake ba shi.

Aka kira Yaya. Ta taso a hankali, ta dafa tebur, ta dubi makirufo kamar ta ga ƙadangare, sannan ta fara gaisuwa. Ta gaida ciyaman, ta tambayi iyalinsa. Ta gaida Uwar Lemun Tsami, ta tambayi maigida da yara. Ta gaida Mai Ƙwaya, ta yi masa sannu da jiki. Minti biyu suka tafi. Mai Tire ya yi tari, ya sake tari, ya ƙwanƙwasa cokali a tire.

Ta juyo. “Auta, ina magana da manya. Tunda kana tsaye, miƙo kofi.”

Ya miƙa. Ta kwance gefen zani, ta buɗe kwalbar, ta tsiyaya. Ruwan ya sauka shuɗi-shuɗi, da wani maiƙo a sama, warinsa ya bi teburin kujera-kujera. Ta tura kofin gaban Cokali Uku.

“Ɗana, na shekaranjiya ne, daga inda muke ɗiba. Ban zo da dogon turanci ba. Wannan muke sha, da shi muke wanke jarirai. In ya yi muku, mu ma ya yi mana. Sukari nawa za a sa maka?”

“Uku,” in ji Mai Tire, bakinsa ya riga shi.

Ba wanda ya yi dariya sai Ba Madara, shi ma ya haɗiye ta. Cokali Uku ya ja kujerarsa baya. Uwar Lemun Tsami ta toshe hanci da gyale, ta tambayi yara nawa ne suka kamu. Yaya ta lissafo su gida-gida, da awakin, har da wata akuya mai ciki da ta ce ta fi wasu mutane hankali. Lokacinta ya ƙare, ba wanda ya duba agogo, don kowa na hura kofi. Ba Madara ya kawo shawara a kira masu kamfanin bayan hutu, a kuma tura likitoci su auna ruwan. Mai Ƙwaya, da hannunsa ya daina rawa, ya goyi baya. Sakatariya ta rubuta, ta ba koken lamba, guduma ta sauka. Minti ɗaya bayan nan wayoyi huɗu suka yi ƙara tare.

Kafin la'asar takarda ta iso daga shugaban masu hidima. Baƙin ɗaki na biyu sun fito a talabijin da busasshen tebur, wani babba har ya shaƙe yana jawabi. Aka mayar da Mai Tire hawa na ƙasa, ɗakin jiran direbobi, daga ranar dawowa hutu. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun da wuƙar take.

Washegari ya raka Yaya tasha. Bai gaya mata zancen takardar ba. Ya tura ta cikin mota, ya miƙa mata sandarta ta taga.

“Auta.”

“Na'am, Yaya.”

“Shayin nan naka ya yi zafi da yawa. Ina kallo, duk ka ƙona wa bayin Allah harshe. Shekara ashirin kana abu ɗaya, har yanzu ba ka iya ba? Ba haka na koya maka ba.”

“Zan gyara, Yaya.”

Rafin dai har yanzu yana canza launi, amma likitocin sun je, sun cika kwalabe, kuma an sa ranar da masu kamfanin za su bayyana. Direbobi sun ce ba su taɓa shan shayi irin na yanzu ba, kuma su ba sa tafiya da cokali. A hawa na uku, sabon mai hidima yana kai shayi ƙarfe goma daidai, ɗumi-ɗumi, yadda kowa ke so, goma da minti ashirin ɗaki na shida ya watse. Kofuna arba'in da uku aka damƙa masa. Na arba'in da huɗun yana ƙasa wurin Mai Tire, a bayan buta. Ya wanke shi da sabulu, ya goge da toka, shuɗin bai fita ba.