Gafaru da Tsugunon Gaba

Duk wanda ya san unguwar Nima a Accra, ta wajen babbar gwata mai kwashe ruwan unguwa, ya san yayana Gafaru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai waldar nan da ke tafiya hannuwa a ware kamar ya saƙalo kankana a kowace hammata. Ƙofofin ƙarfe da kurfoti na girki da gawayi yake ƙerawa, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai horar da 'yan ɗaga ƙarfe ne, walda kuwa taimakon jama'a kawai yake yi.

Wurin horon wani ɗan fili ne a bayan shagonsa, an rufa masa tsohon kwano. Kayan ciki duk shi ya haɗa: sanda daga ƙarƙashin mataccen lori, fayafayan birki da ya tsinto a unguwar Tudu, da gwangwanayen madara cike da siminti. A nan yake limanci, kuma aƙidarsa ɗaya ce tal, wato tsugunon baya. Ka ɗora sanda a bayan wuya bisa kafaɗu, ka tsuguna, ka miƙe. A cewarsa shi ke gina cinya da ɗuwawu da gadon baya a tashi ɗaya, kuma da shi ake ɗaukar nauyi mafi yawa, wanda shi ne abin da mutane ke taruwa su kalla. Ni ƙanwarsa ce, ni ke kai masa abincin rana, don haka na san abin da almajiransa ba sa faɗa: Yaya bai taɓa sauka ƙasa sosai ba. Yakan loda ƙarfe har sanda ta lanƙwashe, ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukin da ba ya so, ya yi gurnani har a ji a masallaci, sannan ya miƙe a tafa masa.

Ana haka Zulkarnaini, tsohon almajirinsa, ya dawo daga aikin gadi a Katar da wani sabon salo. Shi a gaban wuya yake ɗora sandar, ya ɗaga gwiwar hannu sama, ya miƙe baya, ya sauka har ɗuwawu ya kusa taɓa dunduniya. Ya ce wannan ne ke cin gaban cinya, kuma ba a yi masa ha'inci, don da ka sunkuya ƙarfen zai zame ya faɗi. Laifinsa ɗaya, nauyin da ake ɗauka bai kai na baya ba. Yaya ya kalli ɗan ƙarfen da ke kan sandar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan rungumar ƙarfe ce, bidi'a ce aka shigo da ita daga waje. Ranar ya kore shi.

Zulkarnaini ya tsallaka gwata ya buɗe nasa wurin a Maamobi, unguwa kuwa ta rabu gida biyu, 'yan gaba da 'yan baya. Samarin da ba sa iya ɗauko wa uwarsu jarkar ruwa suka zama malaman cinya. Aka hana tela sakat da aron tef ɗin awo. A wajen wani suna sai da liman ya dakatar da addu'a ya roƙi na bayan rumfa su bar zancen ɗuwawu sai an shafa.

A cikin wannan shirmen ne ƙafafun Mma suka ƙi. Mahaifiyarmu Barikisu ta yi shekaru tana sayar da tuwon zafi a New Town, mace ce mai jiki da baki, ciwon suga ya zo ya zaunar da ita. Likita ya ce a riƙa kawo ta akai-akai. Gidanmu kuwa yana can cikin lungu inda ko babur sai ya yi dabara, kuma kafin ka fita titi sai ka hau wasu matakala masu tsayi. Dole a ɗauke ta.

Yaya ya ji daɗi a ransa, ya ga ranar da aka daɗe ana horo dominta ta zo. Ya shiga ɗaki, ya juya mata baya, ya durƙusa. Mma ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni ne na goya ka a lungun nan," in ji ta. "Ba za ka goya ni mutane suna kallo ba."

An yi lallashi ta ƙi. Da aka ambaci kurar tura kaya ta ce ita ba buhun doya ba ce. Abin da ta yarda da shi kawai a ɗauke ta a hannu, ta gaba, mayafinta a gyare, tana ganin wanda za ta amsa wa gaisuwa.

A lungu Yaya ya yi ƙoƙari. A matakala ne nauyin ya ja shi gaba, bayansa ya lanƙwashe, cinyoyin da aka sha aunawa da tef ɗin tela suka gaza. Bai kai tsakiya ba ya ajiye ta a bencin mai koko yana haki. Cikin dukan mutanen Accra, Zulkarnaini ne ya zo wucewa. Ya gaida Mma, ya tsuguna har ƙasa, ya tallafe ta, ya haye da ita bakin titi. Ta sa masa albarka, ta kuma ce daga yau shi za a riƙa kira. Na kalli fuskar Yaya, na so in yi dariya kamar yadda na saba, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Tun daga nan duk ranar asibiti Zulkarnaini ke ɗaukar Mma, Yaya na biye da jaka da takalmanta. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya rame a fuska. Wata rana na kai abinci da wuri na tarar da shi a ƙuryar shago, ya jingina wata babbar ƙofa ya ɓuya a bayanta, sanda a gaban wuyansa ba ko faifai ɗaya a jikinta. Ya sauka, ya faɗi zaune daɓas. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, na rantse, kuma na riƙe har na ɗan lokaci. Da yamma kuwa ya fito fili ya ci gaba da wa'azin cewa 'yan gaba ɓatattu ne. Haka ya yi ta yi damina guda, da safe bidi'a, da yamma fatawa, wuyan hannunsa a ɗaure da tsumma yana cewa walda ce ta ƙone shi.

Ni kuma a gida ina fama da Mma. Tuwon da take so ta daina ci, koko ma sai an matsa. Zanen da da ƙyar yake zagaye ta ya koma sai na ninka in na ɗaura mata. Na faɗa wa Yaya, ya ce magani ne, hankalinsa na kan cinya.

Ranar da ya ga ya shirya, ya tare Zulkarnaini a ƙofar gida ya ce masa yau ya huta, shi zai ɗauke ta. Ya tsuguna har ƙasa, baya a miƙe, gwiwar hannu sama, ya ɗauki Mma. Ya bi lungu, ya hau matakala bai tsaya ko sau ɗaya ba, mai koko har ta ajiye ludayi tana kallo. Da ya kai titi, inda tasi ke jira, sai ya waiwayo yana murmushi.

"Cale, abokina, ka gani? Aikin tsugunon baya ke nan."

Zulkarnaini ya kau da kai, don shi ke ɗaukar ta duk watannin nan, ya san abin da na sani. Mma ce ta ɗora hannu a ƙirjin Yaya, ta yi magana a hankali.

"Gafaru, bar fahari. Ba kai ne ka ƙara ƙarfi ba, ni ne na ragu."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi hannuwanta, ya ɗan ɗaga ta kamar yadda yake gwada sanda kafin ya loda mata ƙarfe, na ga ya gane. Direba ya buɗe ƙofa, ya danna ham, ya sake dannawa, Yaya na tsaye a bakin titi riƙe da ita ya kasa ajiye ta.