Yadda Aka Ceci Akuyata

Littattafan sun iso makarantar ƙauyenmu, can gefen Farin Dutse, a bayan wata motar gwamnati, tare da bencina waɗanda ba a taɓa zama a kansu ba don an manto kusoshinsu a Birnin Kudu. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati na ta rabon kaya ba ta tambayar ko ana so. Ina aji uku a lokacin, kuma ni ce ta ɗaya a karatu, abin da bai da wuya sosai tunda rabin ajin ba sa zuwa sai an gama aikin gona.

Sirara ne littattafan, masu manyan baƙaƙe, kowane shafi hoto ɗaya da layi biyu ko uku. An juyo su ne daga Turanci, kuma a bangon kowanne an rubuta cewa labarin da gaske ya faru. Dukkansu a kan dabbobin da suka shiga uku ne mutane suka fitar da su. Akwai doki a cikin taɓo, akwai agwagwar da baƙin mai ya manne wa fukafukai, akwai kare da ya maƙale a kan ƙanƙara a tsakiyar kogi. Wannan na karen ba mu yarda da shi ba, don mu ƙanƙarar da muka sani ba ta wuce girman aya.

Malaminmu saurayi ne ɗan Birnin Kudu, mai wando mai buɗaɗɗen baki wanda kan share ajin kafin mu share. Wata rana ya tsayar da ni in karanta wa aji labarin wani ɗan rago da ya faɗa rami a ƙasar Turawa. 'Yan kwana-kwana suka zo da jar mota da tsani, aka zura mutum da igiya, ya fito rungume da ɗan ragon, aka naɗe shi cikin bargo, aka ba shi madara a kwalba. Kusan kowane shafi sai an ambaci ceto. Da na kai ƙarshe na rufe littafin, sai ajin ya zuba mini ido ana jiran sauran. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya tambayi Malam ko an yage shafin da aka yanka ragon. Malam ya ce ba a yanka ba. Yaron ya ce to ina ceton?

Ba wauta yaron ya yi ba. A wajenmu, idan saniya ta faɗa rijiya ko mota ta buge tunkiya, abin tsoron shi ne ta cika kafin wuƙa ta iso, ta zama mushe, a ja ta bayan gari a bar wa ungulaye. Saboda haka duk wanda ya yi kira a zo a ceci dabba, da wuƙa ake amsa masa, kuma a guje. In an dawo aka tambaya ko an cece ta, aka ce an cece ta, to kowa ya san nama ya halatta, sai a yi hamdala. Malam ya yi mana bayani cewa ceton littafi daban ne, fito da dabba ake yi da ranta. Ajin ya karɓi maganar yadda yake karɓar duk maganar Malam, wato gaskiya ce har zuwa lokacin tashi. Ni kaɗai na tafi da ita gida, na roƙi aron littafin ma na haɗa.

Ina da akuya a lokacin. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta ba ni, don sunanta aka sa mini, shi ya sa ma Baba ba ya kirana sai da uwata. Ja ce akuyar, mai farin goshi, ɓarauniya ta gasken gaske. Ta cinye wa Inna shanyar kuɓewa ba sau ɗaya ba, kuma in aka kore ta sai ta tsaya nesa kaɗan tana tauna tana kallon mutum. Ina son ta fiye da ƙanena, na kuma faɗi haka a gaban Inna, na sha ranƙwashi, amma ban janye ba. A gidanmu akuyar yaro ta yaro ce. Ko mai saye ya zo ya taya, Baba kan ce a tambayi mai ita, ya nuna ni da haɓa. Na karanta mata labarin ɗan ragon har na haddace, ita kuma ta ci gefen bangon, wanda shi ne iyakar ra'ayinta a kan littafin.

Wata Asabar da hantsi, a ƙarshen damina, na kai ta kiwo bakin gonar gyaɗarmu. Akwai wata tsohuwar rijiya a wurin da ta daɗe da ƙafewa, ciyawa ta rufe bakinta. Ina kallon akuyar tana tsinkar ganye, na sunkuya in cire ƙaya a ƙafata, da na ɗago babu ita. Na leƙa ramin, sai na hango ta kwance a gefe ɗaya, ba ta kuka, cikinta kawai ke hawa yana sauka.

Ban ji tsoro sosai ba, gaskiyar magana. Na san wannan labarin, na san yadda yake ƙarewa. Jar mota ce kawai ba mu da ita, amma muna da Baba, kuma maƙwabcinmu na da igiyar guga. Na ruga inda maza ke ɗaure damman gero, tun daga nesa na ce, "Baba, akuyata ta faɗa tsohuwar rijiya, ku zo ku cece ta."

Tambaya ɗaya ya yi mini, ko da sauran numfashi. Na ce akwai, amma su yi sauri. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar, kuma ban sake gani ba. Maƙwabcin ya bi shi da igiya, sauran mazan suka rufa musu baya. Na ji daɗi ƙwarai da ganin manyan mutane suna gudu saboda akuyata. Ni kuwa sai na nufi gida, don na san abin da ya rage a shafi na gaba. Ba mu da bargo, sai na zare zanen Inna daga kan igiyar shanya, na zuba madara a 'yar ƙwarya daga wadda aka ajiye wa ƙanena. Madarar ce ta ɓata mini lokaci, don dole na taho a hankali kada ta zube.

Da na iso an riga an fito da Baba, yana goge hannu da ciyawa, mazan na jan igiya karo na biyu. Ƙafafun baya ne suka fara fitowa, a ɗaure. Kowa na cewa an dace, an dace. Maƙwabcinmu ya dafa kaina ya ce wa mutane su ga amfanin boko, da wata yarinyar ce da tsayawa za ta yi tana kuka a bakin rami har dabba ta zama mushe, amma ni na zo na faɗi abin da ake bukata kai tsaye. Aka yi ta sa mini albarka.

Ina tsaye, zane a kafaɗa, ƙwarya a hannu. Baba ya dubi zanen, ya dubi madarar, ya tambaye ni na mene ne. Na ce na naɗe ta ne in ta fito, madarar kuma ta sha. Baba bai yi boko ba, amma ba a yi masa bayani sau biyu.

A kafaɗa ya ɗauko ta har gida, ya hana kowa taimaka masa. Inna ta karɓe zanenta, ta buɗe baki za ta yi faɗan madara, ta dubi fuskar Baba ta fasa. Ni haushi ne ya cika ni, na rasa wanda zan ɗora wa. Na ji haushin Malam, na ji haushin ɗan ragon Turawa da ke can yana shan madararsa, na fi jin haushin wanda ya zauna a ofis ya zaɓi kalmar nan bai tambayi manomi ko ɗaya ba. Baba kam na kasa jin haushinsa, don abin da na roƙa shi ya yi, kuma a guje.

Kafin ya fara fiɗa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, dabbar da ta faɗa rami irin wannan yawanci bayanta ne ke karyewa, in kuwa baya ya karye ko likitan dabbobi na Birnin Kudu aka kai wa ba abin da zai iya. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Na tsuguna kusa da shi, abin da 'ya'ya mata ba sa yi wajen fiɗa, kuma ba wanda ya kore ni. Mu biyu muna neman karaya, muna fatan samunta.

Baba mai saurin fiɗa ne, da Sallah har maƙwabta ke kiransa. Ranar kuwa a hankali ya yi. Ya bi ƙashin baya da yatsa tun daga wuya har wutsiya, ya sake dawowa. Ya duba haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa kowace ƙafa, ya juya kan yana latsawa. Da ya gama sai ya ce a kawo masa ruwa, ya daɗe yana wanke hannu.

Na ce, "Baba, ina ne ya karye?"

Da ya ga dama da ya nuna mini ko'ina, ni ban san ƙashi ba. Ya zubar da sauran ruwan, ya kife butar.

"Babu inda ya karye, uwata. Suma ta yi. Da na jira kaɗan da ta tashi."

Ya ce wa Inna ta raba naman duka wa maƙwabta, har kai da ƙafafu da fata. Da yamma ƙamshin suya ya cika unguwa ta kowace katanga, mu kuwa tuwon dawa muka ci da miyar kuka, kuma ko ƙanena bai tambayi dalili ba.