Pak Embong Ya Ajiye Igiya

Kafin rana ta leƙo daga bayan dutsen tsibirinmu, Pak Embong, wato Baba Embong, ya riga ya sauko daga masallaci, ya ratsa ta bayan rumfunan masu shayi da tayarsa a kafaɗa. Tayar ceto ce mai ruwan lemo, rana ta cinye launinta, da doguwar igiya ɗaure a jikinta. Ba ya karyawa a gida, don ba kowa a gidan. Matarsa Mek Yam ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda, Salmiah, tana aure a Johor, can ƙarshen ƙasa. Sai ya sayi ƙunshin shinkafar kwakwa da kifi, ya zauna a bakin gadar katakon da jirage ke tsayawa, ya ci yana kallon ruwa. In ya gama ya hau jirgin Deraman, ya shiga wanke gilasan ruwa da bututun numfashi ɗaya bayan ɗaya, yana busa kowanne ya ji ko ya toshe.

Can sai ga Deraman, mai jirgin, yana tafe yana hamma, tumbinsa na gaba.

"Tsoho mai ran ƙarfe, yau ma ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ranar da za ka zo aiki a kan lokaci, sannan in tafi hankalina kwance."

"Ashe kuwa za ka ga tattaɓa-kunnenka!"

Haka suke gaisawa tun Deraman yana da gashi a ka. Jirgin nasa ba na haya ba ne da ake cusa kowa da kowa, shatarsa ake yi. Iyali guda ko abokan juna su ɗauke shi yini ɗaya, a kai su inda ruwa yake garau, su sa gilashi su leƙa duwatsun murjani da kifayen da ke cikinsu. To amma mafi yawan masu zuwa ba su iya iyo ba. Mutanen birni ne, wani ma rabonsa da ruwa ya wuce gwiwarsa tun yana yaro. Nan aikin Pak Embong yake. A sa musu rigar ceto, su riƙe taya, shi kuma ya rataya igiya a kafaɗa ya yi gaba yana jan su, kamar agwagwa da 'ya'yanta. Haka ya yi shekara da shekaru, har igiyar ta yi masa kanta a kafaɗar dama.

Ina jin haushin mutanenmu a kan abu ɗaya. In ana lissafin waɗanda suka ɗaga tsibirin nan, sai ka ji ana kiran masu otal da masu manyan jirage. Haba jama'a! Baƙon da ya koma gida da ransa, wa ya mayar da shi?

Yaran yanzu ba su san asalin mutumin nan ba. Da ƙuruciyarsa, a gaɓar Setiu, masunta ba sa jefa taru sai mutum ɗaya ya sauka cikin teku, ya riƙe gefen jirgi, ya nutsar da kansa ya saurara. Kifi yana da kuka, kowane iri da nasa, kuma mai sauraro ne zai ɗago ya ce ga garken can, ga irinsa, ku zagaya ta nan. Pak Embong wannan aikin ya gada wajen kawunsa. Da na'urar nuna kifi ta shigo, aka daina neman masu sauraro, sai ya tattara ya ƙetaro nan da matarsa da jaririyarsu. Taru ya bari a can, amma kunnen ya taho da shi.

Baƙi sun ɗauka ido yake amfani da shi. Ina! Yana cikin ja sai ka ga ya tsaya cak, ya karkata kai, ya canza hanya, jim kaɗan sai ga su a kan garken manyan kifayen nan masu gwaguyar dutse. Wannan na nishaɗi ne. Babban amfanin kunnen shi ne jirage masu gudu. A ƙarƙashin ruwa ƙarar inji tana riga jirgin isowa, kuma shi yana jin ta tun jirgin yana bayan dutse, ba wanda ya gan shi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku taru!" ya ja tayar zuwa gindin jirgin Deraman. Baƙi su yi ta waige-waige suna tambayar me ya faru, can sai ga jirgin ya keto ya bi ta daidai inda kawunansu suke ɗazu. Wanda ya taɓa ganin abin da farfelar injin jirgi take yi wa jikin mutum ba ya son a sake ba shi labari. A hannun Pak Embong ba ta taɓa ko ƙwarzanar kowa ba.

Deraman ya ba ni labarin wata tsohuwa Basiniya daga garin Ipoh, jikokinta suka kawo ta. Kowa ya faɗa ruwa, ita ta ƙanƙame tsani ta ce ko za a yanka ta ba ta sauka. Pak Embong bai ce mata komai a kan tsoro ba. Ya tsaya a gindin tsanin, ruwa iya wuyansa, yana tambayarta yadda ake dafa tsiron wake a garinsu, tana ba shi amsa tana sauko da ƙafa ba ta sani ba. Ƙarshe ta ƙi tayar, wuyan hannunsa ta riƙe, har farcenta ya yi masa shaida. Da ta ɗago kai daga ruwan ta tofar da bututun, sai kuka. Ta ce, "Duk wannan yana nan ƙasa tun ina yarinya, ba wanda ya gaya mini?"

Irin wannan yinin ne abincin ransa, kuma shi ne ciwonsa. Da safe a miƙa masa mutanen da bai taɓa gani ba, kafin azahar sun zama nasa. Yara su hau bayansa, uwaye su tura masa abinci a faranti, kowa Pak Embong, Pak Embong. In za a ɗauki hoto shi ake miƙa wa wayar. La'asar na yi a sauke su a gada, su ɗaga masa hannu, su tafi da hayaniyarsu. Shi kuma ya ɗauraye taya da ruwan daɗi, ya saɓa ta, ya nufi gidan da ba mai yi masa sannu da zuwa. In iskar damina ta taso teku ta rufe, otal-otal su kulle, matasa su ƙetare zuwa Besut neman aikin gini, Deraman ma ya tafi wajen surukansa. Wata uku ko fiye Pak Embong yana nan shi da wata kyanwa mai guntun bindi, yana jiran teku ta huce a kawo masa mutane.

Pak Embong, kai ne wanda makafin ruwa suka riƙe suka ga hanya. Kai ne ka ja 'ya'yan wasu a kafaɗarka alhali taka 'yar tana nesa. Ba ka taɓa tsawata wa matsoraci ba, ba ka taɓa yi wa mai ƙiba dariya ba in tsani ya gagare shi. Amma ba don waɗannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Abin da ka yi a ƙarshen kakar aikin bara shi ya hana ni yin shiru.

Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani, ruwa ne ya ci shi. Da na dama yake aiki. To bara sai aka fara lura yana cewa "Na'am?" sau biyu kafin ya amsa magana, Salmiah kuma tana ƙorafin in ta kira shi a waya sai ta yi ta ihu kamar mai talla. Ya ce wayar ce ta tsufa.

Ranar da abin ya faru, wani iyali ne daga jihar Kedah suka yi shatar jirgin. Yana jan uwar da 'yan matanta uku a kusa da hancin dutse, kawunansu duk a cikin ruwa. Wani jirgi mai gudu, baƙo, wanda direbansa bai san wurin ba, ya karyo kwana. Deraman ya gan shi, ya miƙe yana ihu yana kaɗa tawul. Pak Embong bai ɗago ba. Sai da ya ga kifaye sun watse gaba ɗaya a ƙarƙashinsa sannan ya ɗaga kai, ya ga farin kumfa ya nufo su. Ya fizgi igiyar da duk ƙarfin da Allah ya bar masa. Jirgin ya wuce ta gefensu, igiyar ruwansa ta ɗaga su ta sauke. Matan suka ɗago suna shewa, sun ɗauka wasa ne, ƙaramar har tana ɗaga wa jirgin hannu tana cewa a sake. Ba wanda ya ji ciwo. Suka ci gasasshen kifinsu, suka yi godiya, suka tafi ba su san komai ba.

Washegari Juma'a ce, ba a fita teku. Bayan an sauko daga masallaci Pak Embong ya riƙe hannun Deraman ya ce su je bayan gada. Ya tuɓe riga ya shiga ruwa.

"Ja jirgin ka yi nisa, ka kashe inji. In na nutsa ka tayar, ka taho a hankali. Da na ji ka zan ɗaga hannu."

"Kai dai ba ka rabo da neman magana. Ranar hutun ma?"

"Yi abin da na ce, Deraman."

Deraman ya ce bai taɓa yin tuƙi mai nauyin wannan ba. Ya tayar da inji, ya taho, idonsa a kan bututun da ke leƙe a saman ruwa, yana roƙon Allah hannun nan ya ɗago. Ya ci rabin hanya, shiru. Ya matso har yana ganin furfurar ƙeyarsa, shiru. Sai da inuwar jirgin ta rufe shi sannan tsohon ya ɗago, ya share fuska, ya dubi inda jirgin yake. Ya kama tsani ya hau, suka zauna ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Na ajiye," in ji Pak Embong.

"Ajiye me? Jiya tsautsayi ne, kuma Allah ya kiyaye. Wa ya sani in ba ni da kai ba? Ni zan zama kunnenka, in riƙa dubawa daga sama."

"Jiya ma ai kana dubawa. Ka yi ihu, na ji ka?"

Sai Deraman ya sake ɓullowa ta wata hanya. "To kar ka shiga ruwan. Zan ɗauko wani ya ja tayar. Kai ka zauna a jirgi, ka wanke gilashi, ka yi wa baƙi hira, ka ci abincinsu kamar yadda ka saba, ɓarawon kifi kawai."

Wallahi da ni ne da na karɓa, kuma ba wanda zai zarge ni. An ba shi mutanen, an ɗauke masa wahalar. Pak Embong ya murza igiya a hannunsa, ya amsa.

"Muddin ina cikin jirgin nan, kai da wanda za ka ɗauka za ku saki jiki. Ba da gangan ba. Ranku ne zai ce ai Embong yana nan, zai ji. Shekara nawa kana tuƙi da kunnena? Ba za ka daina ba sai ka duba ka ga ba na nan."

"To ka koma gidan ka yi hira da wa? Da kyanwa?"

"Ita ma ai na daina jin kukanta."

Deraman ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin inji.

Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kowa ya iya faɗa. Amma mutum nawa ne za su tashi daga aikin da ba wanda ya kore su, su koma ɗaki su kaɗai, don kar wata rana 'yar wani ta mutu a hannunsu? Mun ga direbobin da ido ya tafi suna nan riƙe da sitiyari, mun ga masu ba da magani da hannu ke rawa sun ƙi ajiye allura. Pak Embong ya san abin da ke jiransa a gida, ya san tsawon yini in ba kowa, ya tafi duk da haka.

Bana da teku ta buɗe, Deraman ya ɗauki wani magidanci mai ƙarfin kafaɗa, kuma ya kafa doka, in mutane suna ruwa shi kansa ba ya zama, yana tsaye a kan rufin jirgi da usur a baki. Salmiah ta yi ta roƙon ubanta ya koma Johor, ya ce sai ya shirya, har yau bai shirya ba. Da hantsi yakan fito ya zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen gada, ya ba teku baya, yana yi wa masu jirage ɗaurin igiya. Kwanan baya ina wurin wani jirgi ya tashi da wani iyali, sai wata mata a ciki ta hango shi. Ashe ya taɓa jan ta tana budurwa, yanzu ga ta da 'ya'yanta. Ta miƙe tana kiran sunansa, mijin ya taya ta, yaran ma suka ɗauka, duk gadar ta amsa da Pak Embong. Kansa yana sunkuye a kan igiya. Na taso da sauri na taɓa shi na nuna masa, kafin ya juyo ya gane inda nake nufi jirgin ya sha kwanar dutse. Ya tambaye ni su wane ne, na gaya masa da ƙarfi a kunnen dama. Ya ɗaga hannu ya yi ta kaɗawa wajen da jirgin ya bi.

Mun gode, Pak Embong. Mun gode da waɗanda ka ja, mun kuma gode da ranar da ka ƙi ja. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Mek Yam, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu riƙe da ran mutane, a ruwa ne ko a tudu, ku gwada kanku kafin tsautsayi ya gwada ku, in lokaci ya yi ku sauka da ƙafarku. Wanda duk ya taɓa riƙe tayar mutumin nan, in Allah ya sake kawo shi tsibirinmu, yana nan gindin bishiya. Kada ku tsaya daga nesa kuna kira, ba zai ji ba. Ku tako har inda yake, ku dafa kafaɗarsa, ku zauna.