Ƙofar da Malam Sani Kunkuru Ya Kasa Rufewa

Ku da kuka san Malam Sani Kunkuru, ai kun san da an idar da Azahar ba a samunsa. Yana nan zaune a kan buhun albasa a tsakiyar Kasuwar Relief ta Onitsha, amma wai ba ya nan. Ya harɗe ƙafa, ya toshe kunnuwa da manyan yatsu, ya ɗora sauran yatsun a kan ido da gefen hanci, yana wani gunji ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma. Kafin ya fara sai ya ce, "To jama'a, zan shiga gida." Ni Ɗanjuma, da rumfata ke jingine da tasa tun muna da baƙin gemu, na sha takaicin shiga gidan nan, amma ban kai matarsa Hajiya Talatu ba. Ita kam ta rantse tun da aka ɗaura musu aure mutumin nan bai taɓa jin maganarta ba, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Asalin abin daga Fatakwal ne. Yana saurayi ya yi wa wani Ba'indiye direba, kuma a lokacin Sani wuta ne. Ba ya wuce mahaɗar Rumuokoro bai fito ya shaƙe wuyan ɗan acaɓa ba. Da Ba'indiyen ya gaji da ba da haƙuri, sai ya zaunar da shi ya koya masa wani abu daga yoga. Ya ce masa ba lanƙwasa jiki kaɗai ba ne. Ido da kunne da hanci da harshe da fata ƙofofi ne, ta nan fitina ke shigowa, sai mutum ya koyi janye su ciki yadda kunkuru ke janye kai da ƙafafu. Da ya dawo Onitsha ya ba mu labari, wallahi a ranar sunan ya bi shi.

Kun tuna shekarar da ruwa ya ɓalle da rana tsaka? Kowa ya ruga yana jan tamfol, ni ina ihu, "Sani! Albasarka!" Ko gezau. Ruwa ya yi masa dukan tsiya, kaya suka jiƙe sharkaf. Sai da aka ɗauke ya buɗe ido, ya dubi rigarsa, ya dube ni.

"Ɗanjuma, wane mara kunyar ne ya watsa min ruwa?"

Na ce, "Je ka tambayi sama!"

Magana ta kai kunnen Liman, wai Sani na tsafin Indiyawa. Liman ya kira shi gaban mutane ya ce, "Malam Sani, tsakaninka da Allah, in ka rufe idon nan wa kake kira?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba na kiran kowa. Korar kowa nake yi. Kai ma ka ce in an tayar da sallah a bar kasuwa a waje, to ni tawa kasuwar ba ta fita sai da gwaji."

Liman ya shafa gemu, sannan ya rage murya. "In an watse ka tsaya ka nuna min. Gobe akwai taron kwamitin masallaci."

Ni dai ban taɓa yarda ba. Wata rana na sayo tsire mai zafi, ya sha yaji da ƙuli, na kai masa dab da hanci yana tsakiyar gunjinsa. Sai na ga hancin yana motsi. Can hannu ya sauko a hankali, ya lalubo tsinke, ya kai baki, ido a rufe.

Na ce, "Kai, maƙaryaci! Ba ka ce ka shiga gida ba?"

Ya ce, "Na shiga. Hanci ne ɗan auta, kullum shi ke makara a waje."

"To bakin fa?"

"Shi na aika ya kira shi."

Mu abin dariya ne, amma a gida ba dariya. Da Hajiya Talatu ta ɗauko magana mai zafi, sai Malam ya harɗe ƙafa. Ta tsaya a kansa ta zazzage cikinta tas, shi yana gunji. Har yaji ta yi zuwa Inugu, wurin yayanta mai sayar da wake a kasuwar Ogbete. Ni na raka shi biko. Yayan ya fara faɗa ke nan, na waiga, sai ga Sani ya kai yatsu kunne. Na taka masa ƙafa da ƙarfi na ce, "Don Allah yau dai ka kwana a waje!" Da ƙyar muka dawo da ita, tana cewa ita da bango duk ɗaya a wurinsa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti, ina wurin. Ciwo na cinsa, yana ta gumi, ya ƙi ko runtsa ido. Hajiya da kanta ta ce, "Malam, ka shiga gidan naka mana, ko ka samu sauƙi."

Ya ce, "A'a. Yau a buɗe nake. Yi magana, Talatu."

Ta ce, "Yau kuma? Shekara da shekaru ina yi ba ka ji."

Sai ya fara jero mata. Ranar da ta ce kwano na yoyo daidai kan gadonta. Ranar da ta ce tana kewar mahaifiyarta a Gusau, shi ya sa washegari ya ce ta shirya, ita tana zaton dabararsa ce. Har ranar da ta gama faɗa, ta ɗauka ba ya ji, ta ce a hankali, "Allah Ya bar min kai, kunkurun banza."

Ta dafe baki. "Ashe kana ji?"

Ya ce, "Kasuwa na iya rufe mata ƙofa, ruwan sama ma na rufe masa. Muryarki ce ban taɓa iyawa ba. Bakina nake tsarewa, Talatu. Kin san zuciyata. Da na riƙa amsa miki da zafin nan nawa, da tuni na rasa ki."

Ni da na zo ba da haƙuri, ni aka riƙa bai wa haƙuri. Na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta kore ni waje.

Yanzu in an idar da Azahar nakan dubi buhun nan, in ji kasuwar ta yi min shiru duk da hayaniyarta. Allah Ya jiƙan Malam Sani, Ya yafe masa kurakuransa, Ya buɗe masa ƙofofin rahama duka. Allah Ya ba Hajiya Talatu haƙuri, Ya sada su a gidan da ba a toshe kunne. Amin.