Falon da Mai Labule ta haɗa

A layinsu babu wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Mai Labule ake ce mata, ita ma in an kira ta da wani sunan sai ta waiga ta ga da wa ake. Shekara talatin ta yi a kan keken ɗinki tana yi wa gidajen masu hali labule da rigunan kujeru. Takan shiga falon da har kunyar ajiye takalminta take yi a ƙofarsa, ta auna taga, ta saci kallon yadda aka jera kaya, ta fito. A nan idonta ya buɗe. Aljihun dai bai buɗe ba, don mijinta direban babbar mota ne, abin da yake kawowa kuma ciki yake tafiya da makarantar yara huɗu.

Duk da haka ta ci alwashin falonta ba zai zama abin tausayi ba. Akwai wani dillalin tsofaffin kaya a bayan tashar mota, mai rumfar kwano da ke yoyo, shi ya zama kantinta. Ba ta taɓa sayen abu biyu rana ɗaya ba. Bana kafet, baɗi doguwar kujera, bayan wata takwas ƙaramin tebur. Dillalin ya gane ta, da ta doso sai ya ja ta can ƙurya ya ɗage wani tsohon tamfol, ya ce, "Uwar ɗakina, wannan ke na ajiye wa." Ita kuma ta yi ta kushe kayan, ta tafi, ta dawo, har ya gaji ya sallama. Shekara shida ta ɗauka kafin falon ya cika.

Tsohon kaya ba ya rasa tabo, kuma a nan gwanintarta take. Ba ta yarda a rufe aibi da tsumma ba, cewa take wannan aikin malalata ne. Ita aibin wannan take rufewa da jikin wancan. Kafet ɗin ya koɗe, sai wasu wurare da launinsu bai koɗe ba. Ta ɗora doguwar kujerar a kan mafi tsawo, ta zauna cif. Akwai wata ƙuna a tsakiya, tebur ya hau kanta. Kabad ɗin gilashi gefensa ɗaya ya kwarzane, ta jingina shi da bango. Labulen, shi ma daga wurin dillalin, yana da wani layi da rana ta cinye daga sama har ƙasa, ta tura shi cikin ninki yadda ko ita sai ta nema. In maƙwabta suka zo kallo, kuma suna zuwa, takan ce musu, "Ba kuɗi ba ne, ido ne. Kaya su ke gaya maka inda za su zauna." Direba kan ce shi dai har yanzu ba su gaya masa komai ba, sai dai in ya ɗora ƙafa a tebur ya ji daga bakinta.

Wuri ɗaya ne ya gagare ta. Ƙarƙashin taga akwai wani dogon fili mai gurabu huɗu da suka lotsa cikin kafet ɗin, babu abin da ta saya da ƙafafunsa suka dace da su. Ta haƙura, ta jera tukwanen furen roba uku a wurin, aka ci gaba da zama.

Haka aka yi shekara ashirin. Yara suka watse, Direba ya ajiye tuƙi. Wata safiya yana ɗaura agogon hannu sai hannun ya ƙi, bakinsa ya karkace. Sati uku ya yi a asibiti, aka sallamo shi da ɓarin jiki a shanye, magana kuma sai rabin kalma. Babbar 'yarsu ta ɗauko hayar gadon asibiti mai taya, ta kuma samo wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda kowa ke ce wa Sista, don ta riƙa zuwa kullum da rana. Gadon ya ƙi shiga ƙofar ɗakin kwana. Aka ce to, falo.

Sista ta yi sallama, ta shigo, ta tsaya cik. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta duba ba ta ajiye jakarta a kan ɗan teburin da ke bayan ƙofa. Ta wuce wurin kabad don ajiye magunguna, ta kama ƙofar ƙasan, ta ɗan ɗaga ta sama kafin ta ja. Ƙofar nan haka take, in ba a ɗaga ba ba ta buɗuwa, kuma 'yan gida kaɗai suka san haka. Mai Labule ta bi ta da kallo.

Ta ce, "Sista, kin taɓa shigowa gidan nan ne?"

"Gidan nan kam a'a," in ji Sista. "Amma falon nan na yi shekara uku a cikinsa."

'Yar ta yi 'yar dariya, ta ga babu mai taya ta.

Sista ta zauna a hannun kujera ta ce, "Wani tsoho na yi jinya a wata unguwa, da daɗewa. Ciwonsa irin na maigidanki. Da ya rasu 'ya'yan suka kira dillali ya kwashe komai a mota ɗaya. Kujerar nan a nan take. Agogon can a can. Ki ɗaga teburin nan, akwai ƙunar dutsen guga. Ni na yi ta, har yau ban manta faɗan da na sha ba."

Sai a lokacin Mai Labule ta gane abin da ta yi. Ashe duk kayan daga ƙarƙashin tamfol ɗaya suka fito, daga gida ɗaya. Wuraren da ba su koɗe ba a kafet, inda kujeru suka zauna ne a wancan gidan. Garin rufe tabo ta mai da kowane abu mazauninsa na da, shekara shida tana haɗa falon wani mamaci tana cewa idonta ne. Kunya ta fara kama ta, tsoro ya biyo baya.

'Yar ta ce, "Mama, kaya ne fa. Itace da yadi. Baba yana mota yana jira."

Aka duba falon kaf, babu inda gado zai tsaya bai tare hanya ba sai ƙarƙashin taga. Aka kwashe tukwanen fure. Masu dako biyu suka turo gadon, tayoyin suka gangara kan kafet, suka faɗa cikin guraben nan huɗu, gadon ya tsaya da kansa. Ɗayansu ya ce, "Kamar an auna." Sista ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta da ba ta samu ba.

Kwanakin farko babu abin da ya faru, har Mai Labule ta fara jin haushin kanta. Tana ba shi abinci a baki, tana goge masa jiki, in ya yi barci ta koma kan keke. Rana ta biyar da la'asar ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna labule. Ta yaye shi gaba ɗaya, ya girgiza kai. Ta rufe, ya sake girgizawa. Ta riƙa ja a hankali tana kallon fuskarsa, har ya sauke hannun. Labulen ya buɗe kamar faɗin tafin hannu, rana ta shigo siririya ta kwanta a gefen yadin, daidai kan layin nan da ya koɗe. Mutumin da tsawon aurensu bai taɓa sanin ko labule a buɗe yake ko a rufe ba. Washegari ya sake, da jibi, lokaci ɗaya.

Sai kuma cokali. In yana son ruwa ya daina ƙoƙarin furtawa, sai ya ɗauki cokali ya buga gefen teburin da aka matso masa, sau uku. Gefen nan ta san shi. Ranar da ta sayo teburin ta tarar da ƙananan lotsa-lotsa a wurin, ta cike su da man katako tana tsine wa yaran gidan da ya fito.

Ta tare Sista a tsakar gida tana wanke hannu. "Ki gaya mini gaskiya. Tsohon nan shi ma haka yake yi?"

Sista ta daɗe tana murza sabulu. "Marasa lafiya suna kama da juna, Uwargida. In mutum ba ya magana dole ya nemi abin bugawa."

"Ban tambaye ki marasa lafiya ba. Shi na tambaye ki."

"Sau uku," in ji Sista. "Da labulen ma."

"A ina ya cika?"

"A nan ƙarƙashin tagar. Da rana tsaka, ina zaune ina yanke masa farce."

Mai Labule ba mai camfi ba ce, ita ce ma mai yi wa maƙwabta dariya. Amma daga ranar ta kasa zama a falonta. Ta tsaya a ƙofa tana kallon mijinta a kwance, kujeru sun kewaye shi, kowace a inda ta saba, sai ta ga kamar jira suke. Abin da take tsoro a fili yake: ɗakin nan ya taɓa raka wani har ƙarshe, ya san hanya, kuma ita da hannunta ta kwantar da mijinta a kai. Tana son mutumin nan, da barkwancinsa da ƙafarsa a kan tebur, ba ta shirya ba da shi ba.

Ranar da 'yar ta tafi da shi asibiti gashin ƙashi, Mai Labule ta ce kanta na ciwo, ta zauna. Suna fita ta kira masu dako. Kafin azahar falon ya koma tsakar gida. Kabad ya fita da kwarzanensa a waje, kujeru suka bi, agogo, tebur, tukwanen fure. Labulen ita ta sauke shi da kanta, ba ta ko ninke ba. Aka naɗe kafet, aka jefa kan kayan, aka rufe da tamfol. Ta share siminti, ta wanke, ta kafa wani tsohon zanin gado a taga da ƙusa biyu, ta tura gadon tsakiyar ɗaki a karkace da gangan. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta tambaya ko tashi za su yi. Ta ce a'a, shara take.

Da suka dawo 'yar ta tsaya a ƙofa riƙe da keken guragu. "Mama, me ke nan?"

"Iska yake buƙata."

"Falon da ko kofi ba a ajiyewa sai da izininki?"

"Na ce iska yake buƙata. Kama mu ɗora shi."

Direba ya bi ɗakin da ido, bango zuwa bango. Muryoyinsu na amsawa a cikinsa kamar shagon da ba a kama ba. Da la'asar ta yi Mai Labule ta zauna a tabarma tana satar kallon hannunsa. Bai ɗaga ba. Ta ajiye masa cokali kusa, bai taɓa ba. Ranta ya yi sanyi, ta ce a zuciyarta ta karya abin.

Amma abinci ma bai ci ba. Washegari ya kau da kai daga kofi. Sista ta zo, ta dubi ɗakin, ta rasa inda za ta ajiye jaka, ta riƙe ta a cinya. Ta auna jininsa, ta sake aunawa. Kwana biyu yana kallon silin, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne, in matarsa ta matso ya dube ta irin kallon da ake yi wa ma'aikaciyar asibiti.

Rana ta uku da hantsi tana goge masa baki ya kama hannunta. Ya yi ta kokawa da harshensa, sannan maganar ta fito, cikakkiya, ta farko tun da ya faɗi.

"Ki mai da ni gida."

Ta ce, "Maigida, ai gida kake. Ga ni, ga 'yarka."

Ya sake bin bangon da ido, inda kabad ya bar farin gurbinsa, inda agogo ya bar ƙusa. "Don Allah," in ji shi. "Ki mai da ni gida."

Ta fita tsakar gida ta tsaya gaban tamfol ɗin. Ita falon wani take gani a ƙarƙashinsa. Shi kuwa shekara ashirin yana dawowa daga doguwar hanya da ƙura a gashin ido, ya tura ƙofa ya tarar da wannan kujerar, wannan agogon, wannan labulen, ya san ya iso. Ba shi da wani gidan da ya wuce shi. In ta bar kayan a waje yana tafiya tana gani. In ta mayar, ta san inda gadon zai tsaya. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma babu wanda zai ce mata ga daidai.

Ta yaye tamfol ɗin. 'Yar ta fito ta tsaya a bayanta. Mai Labule ta sunkuya ta rungumo kan kafet ɗin, nauyinsa ya kusa kayar da ita.

Ta ce, "Kama can ƙarshen. A hankali, gefen mai ƙuna ne yake shiga tsakiya."